Kwalaben Bikin Renata

Kwalba ta uku ta fashe ina tsaye a bakin matakalar ɗakin ƙasa, wani ɓallin gilashi ya kafe a jikin ƙofa daidai kunnena. Na figi rigar sanyi na nufi gidan Wendell Haugen ina huci, don kwalaben nasa ne.

Wendell maƙwabcina ne, tsohon direban bas, taurin kai kuwa ba a magana. Da hannunsa ya dafa giyar bikin 'yarsa Renata, amma da ya buɗe ɗaya ya ɗanɗana sai ya ji ta lami, ko ɗigon kumfa babu. Na gaya masa sanyin ɗakin ƙasansa ne ya sa yis ɗin da ke tayar da kumfar barci, ya kai su wuri mai ɗumi kawai ya ƙyale su.

"Marlys, ke da ko ruwan shayi sai kin ƙona?" in ji shi. "Yunwa yis ɗin ke ji."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ƙara sukari a kan wanda ke ciki tun farko, ya mayar da murafu, ya jibge su a ɗakin ƙasana, kusa da na'urar ɗumama gida. Ga ɗumi ga sukari ninki biyu, iska ta fi ƙarfin gilashin.

Tun a hanya na gama tsara abin da zan yaɓa masa. Matarsa Lorna ce ta buɗe ƙofa, da soson wanke-wanke a hannu.

"Ina gwanin naki? Giyarsa na neman kashe ni."

"Wendell ya rasu, Marlys."

"Wane Wendell?"

"Yanzun nan aka tafi da shi. Ya sunkuya yana ɗaura igiyar takalmi, wai zai je ya duba kwalaben. Da na ga ya daɗe a sunkuye har tsiya na yi masa, na ce tumbi ya hana shi kaiwa."

Jiya-jiyan nan mutumin ya gama yi min musu ta kan shinge.

"Me kika ce giyar ta yi?" in ji Lorna.

"Fashewa suke yi, Lorna."

"Duka?"

"In an bar su a ɗumin nan, duka."

Ta ajiye soson a kan akwatin wasiƙu. "Renata ta ce ranar Asabar a wurin bikin ba za ta ɗaga kofin kowa ba sai na babanta. Ko kiranta ban yi ba tukuna. Ba zan gaya mata abu biyu ba, babu uba kuma babu giyarsa."

Sanyi ne kaɗai zai tsayar da yis ɗin. Muka koma gidana, muka sa safar hannu masu kauri, muka lulluɓe akwatunan da barguna, muka riƙa hawa da su a hankali, kowacce ta kau da fuska. Ɗaya ta fashe a tsakiyar matakala, kumfa ta jiƙe wa Lorna siket har ƙasa. Ko tsayawa ba ta yi ba, ni ce ma na yi ihu.

A bayan gida muka binne su cikin ƙanƙara zuwa wuya. Na ce ta shigo ta sha abu mai zafi, ta kira Renata daga wayata.

"Bari su huce tukuna."

Ta jawo kujerar lambu ta zauna a gabansu, hannuwa cikin hammata, murafun jere a saman ƙanƙara.