Akuyoyin da Suka Cinye Sunan Barau

Jiya da daddare na yi wani irin mafarki, kuma na san abin da ya jawo mini shi, don da haushi na kwanta.

Ni ne Ilu mai ganga. Shekara goma sha tara ke nan ina yi wa Shamuwa kiɗa, ƙungiyar ƙwallon gora, wato hoki, ta garinmu, wadda rabonta da cin wasa biyu a jere tun autata tana goye. Aikina shi ne in yi wa kowane ɗan wasa kirari, in riƙa zuga shi da ganga idan ya ɗauki ƙwallo. Kirari mai kyau kuwa sai ya yi mako shida kafin ya nuna, don sai ka kalli mutum da kyau, ka ga yadda yake gudu da yadda yake tashi in ya faɗi. Su kuma shugabannin ƙungiyar nan duk wata sai sun sallami rabin 'yan wasa sun kwaso wasu. Sai in gama wa mutum kirari in tafi fili da murnata, a ce mini ai tun shekaranjiya yana Fatakwal.

Mutum ɗaya ne ya daɗe har kirarinsa ya zauna a bakin jama'a, shi ne Barau mai tsaron raga, shekararsa goma sha ɗaya da mu. To jiya da la'asar aka raɗa mini cewa shi ma babu sunansa a takardar da za a liƙa yau Asabar, ranar wasan ƙarshe. Na dawo gida na ɗauki wuƙar yankan albasa ta matata Azumi, na ɗora a kan ganga, na ce in har suka cire Barau zan farke fatar nan kowa ya huta. Azumi ta ce in na gama in mayar mata da wuƙarta.

Da barci ya ɗauke ni, sai ga ni a bakin filin wasa da rana tsaka, ganga a rataye, wuƙa a aljihu. Ana ruwa sosai, amma daga ƙasa yake tasowa yana tafiya sama. Mutane sun juya lemominsu sun shiga ciki sun tsaya. Ni da ban zo da lema ba, wandona ya jiƙe sharkaf, hulata kuwa a bushe take ƙayau.

"Toshe hanci, Malam," in ji mai gadi. "Ruwan yau da ƙarfi yake."

Na toshe, na wuce wajen allon sanarwa. Takardar 'yan wasa tana nan a liƙe, sai dai duk gefenta shatin haƙora ne, kuma daidai wurin sunan Barau rami ne wanda yatsa uku za su shiga. Na tambayi mai gadi ina ofishin shugaba. Ya ce yana hawa na uku, saboda haka na sauka matakala uku na isa.

Sakatariyar akuya ce ja, da tabarau, tana buga takarda da kofato.

"Kana da alƙawari da Yallaɓai?"

"Ba ni da shi, Hajiya."

"To shiga. Masu alƙawari ne suke jira."

Na waiwaya na gan su a kan benci, su wajen ashirin, wasu har gizo-gizo ya yi musu saƙa a kafaɗa.

Shugaban ƙungiya bunsuru ne, cikin babbar riga mai aiki, gemunsa ya sha turare amma turaren bai yi nasara ba. 'Yan kwamiti shida suna kewaye da tebur, kowa yana tauna. A tsakiyar tebur akwai faranti, a cikin farantin akwai takardu. Na durƙusa na gaishe su yadda ake gaida manya.

"Ranka ya daɗe, na zo ne a kan maganar Barau."

"Barau," in ji shi, ya lumshe ido. "Kai, sunan nan ya yi daɗi."

Ya yi mini bayani dalla-dalla, babu fushi babu gaggawa. Duk ranar Juma'a ake rubuta sunayen 'yan wasa a zuba a faranti, kwamiti ya zauna a kai. Sunan da ya rage bayan an tashi, mai shi ne zai buga wasa.

"Sunan gwani ya fi garɗi, shi ya sa ake fara cinye shi. Na waɗanda ba su iya ba akwai ɗaci, sai mu bar su. Ka ga ai babu son kai a ciki."

"Amma shekara goma sha ɗaya Barau yana nan."

"Shekara goma sha ɗaya muna daurewa. Jiya mataimakina ya kasa."

Mataimakin ya sunkuyar da kai ya yi gyatsa.

"To me aka ba mu a madadinsa?"

"Wani ɗan gaba mai basira ƙwarai. Gudu kamar iska."

"Ina yake?"

"Baɗi za a haife shi."

Na ce to, Allah ya raba lafiya. Na tambaya wa zai tsare mana raga kafin ya iso. Shugaba ya ce ai ragar ma sun sallame ta, don binciken kwamiti ya gano duk ƙwallayen da aka ci mu a kakar bana cikinta suka shiga. Sun ɗauko wata daga ƙauye, ta ninka waccan faɗi, kuma kowa ya yarda tana da makoma.

Nan raina ya ɓaci, na manta da ladabi na miƙe tsaye.

"Yallaɓai, mu da muke shan rana a benci, sai yaushe za mu ga nasara?"

"Haƙuri za ku yi. Gini muke yi."

"Shekara goma sha tara kuna gini!"

"Daga rufi muka fara. Yanzu muna duba inda bango zai dace."

'Yan kwamiti suka gyaɗa kai gaba ɗaya. Shugaba ya miƙo wuya ya shinshina gangata, ya daɗe yana shinshinawa.

"Fatar nan kamar na san ta. Ta yi kama da ta shugaban da na gada."

"Shi ma gini yake yi," na ce.

Aka daina tauna na ɗan lokaci.

Sai ga ni a kan bencin 'yan kallo, an fara wasa. Allo ya riga ya nuna an ci mu bakwai tun kafin a busa usur, wai don a rage wa kowa wahala. Magoya bayanmu duk sun juya wa fili baya suna kallon katanga, saboda likita ya hana su ɓacin rai. Kocinmu yana gefe yana ihu, "Kai, ba wa kai! Kai, tare kai!" don bai san sunan ko mutum ɗaya ba.

Wani dogon ɗan wasanmu ya karɓi ƙwallo da gorarsa, ya yanke mutum biyu, ya nufi ragar abokan hamayya. Na ji daɗi har cikin ƙashina. Na gyara ganga na buɗe baki, "Dogo mai tafiyar…" Ban ƙarasa ba sai ga wata akuya ta shigo fili da ambulan a baki ta miƙa masa. Ya tsaya ya karanta, ya tuɓe rigarmu ya sa ta waɗancan, ya juyo da ƙwallon ya zuba mana a raga. Da zai wuce ya ce mini, "Yi haƙuri, Baba, canjin aiki ne."

Haka aka yi ta yi. A bakin fili akwai wata babbar mota tana sauke sababbin 'yan wasa ta baya tana kwashe tsofaffi ta gaba, direban ko kashe inji bai yi ba. Na fara kirari tara, babu wanda ya kai rabi.

Can na ɗaga ido na hangi ragar abokan hamayya. Barau ne a ciki, da hular kwanonsa da kayan kariyarsa, sanye da rigar da ba tamu ba. Na sauke ganga a cinya, na zaro wuƙar Azumi, na ɗora tsininta a tsakiyar fata.

Barau ya hango ni. Ya ɗauki ragarsa a ka kamar tallan gyaɗa, don kada a ci shi yana hira, ya tako har gabana ya ajiye.

"Baba Ilu, wuƙar nan ai na san ta."

"A ina ka san ta?"

"Ita ka zo da ita ranar da aka sallami Mati Dogo aka kawo ni. Ka ce in ba Mati ba sai dai a nemi wani makaɗin. Wata biyu kana kirana 'wancan'."

Kunya ta kama ni, don gaskiya ya faɗa, kuma na manta da wannan tsaf.

"Wata biyun nan kullum sai an ci ni," in ji shi. "Ina tsaye a raga, bayana shiru kamar maƙabarta. Sai ranar da na tare wani bugu da haƙarƙari na faɗi, na ji ka daga can kana cewa, 'Ƙyauren gidan Shamuwa, a buga a koma!' Ranar na zama gola, Baba. Kafin nan mutum ne kawai sanye da katifa."

Na ce masa to ai su ne suka kore shi, dole in nuna musu fushina.

"Su wa? Akuyoyin? Ofishinsu ko taga babu, ba su taɓa jin gangarka ba. In ka farke ta, abincinsu za su ci gaba da ci. Ga wanda zai ji a jikinsa can."

Ya nuna mini ragarmu, sabuwar nan mai makoma, wadda faɗinta ya kai rumfar kasuwa. A tsakiyarta wani mutum ne tsaye shi kaɗai cikin kayan da suka yi masa yawa. Barau ya ɗauki ragarsa a ka ya koma bakin aiki.

Sai ga ni a bayan ragarmu, kusa da mutumin.

"Sannu, bawan Allah. Yaya sunanka?"

"Sun cinye tun muna mota, Baba."

"Daga ina kake?"

"Ƙungiya tara na yi a shekara biyu. Ban zauna ko'ina na daɗe da zan ce daga can nake ba."

"An taɓa yi maka kirari?"

"An taɓa farawa sau ɗaya."

Daga tsakiyar fili aka bugo ƙwallo. Girmansa ya kai kabewa, kuma a hankali yake tahowa, yana tsayawa yana gaisawa da mutane a hanya. Daga ɗaya gefen kuma ga akuyar nan mai ambulan ta nufo mu, takardar sallamar mutumin a bakinta. Na duba na ga ba ni da mako shida, ko minti shida ba ni da su. Na ƙare masa kallo ina neman abin da zan kama. Gwiwoyinsa suna karkarwa har kayan kariyarsa suna ƙara, amma ƙafarsa ba ta matsa baya ko taku ɗaya ba.

Na mayar da wuƙa aljihu, na ɗauki makaɗi.

"Mai rawar gwiwa ba ya ja da baya! Baƙon Shamuwa, tsaya nan gidanku ne!"

Kirarin bai nuna ba, ni ma na sani, ɗanye ne shataf. Amma na ga kafaɗun mutumin sun miƙe sun cika rigar. Na sake bugawa. Mutum ɗaya a benci ya daina kallon katanga ya waiwayo, sai na kusa da shi, sai layin gaba ɗaya, suka karɓa, "Ba ya ja da baya!" Ruwan da ke tafiya sama ya tsaya cak a iska yana saurare. Akuyar ta iso daf da shi, ta kalli jama'a, ta kalli ambulan, ta zauna ta fara cin abinta. Daga can ƙarshen fili na ji Barau ma yana amsawa, kocinsu yana zaginsa.

Ƙwallo ya gama gaishe-gaishensa ya taho gadan-gadan. Mutumin ya buɗe hannuwa. Na ƙara wa ganga wuta, dum, dum, dum, har ƙasa tana amsawa, dum, dum…

Na buɗe ido. Azumi ce take daka a tsakar gida, rana har ta shigo ɗaki. Ganga tana nan a kusurwa, wuƙa a kanta yadda na bar ta. Ban ga ko ya tare ƙwallon ba, kuma abin ya dame ni fiye da yadda ya kamata.

"Malam, ka farke gangar ne ko in zo in ɗauki wuƙata? Albasa tana jirana."

Na fito na miƙa mata. Ta kalli ganga a kafaɗata, ta kalli rana.

"Wasan ai sai la'asar. Ina za ka tun yanzu?"

"Bakin allo. In Barau ne a raga, kirarinsa yana nan. In kuma wani suka kawo, ina so in ji sunansa daga bakinsa kafin su cinye."

"Su wa?" in ji Azumi.

Na ce ta ajiye mini kokona, na saka takalmi na fita.