Rigar Kwamfuta

Mamarmu tela ce, kuma ba ta iya ganin abu tsirara a gidanta. Talabijin da riga, rediyo da riga, har tukunyar gas sai da ta yi wa siket.

Ranar da Baba zai ajiye aikin koyarwa, ni aka ɗora wa haɗa bidiyon gaisuwar tsofaffin ɗalibansa, wanda za a haska a makaranta da yamma. Tun safe na gama yanka da jerawa, saura kwamfuta ta dunƙule shi ya zama fayil guda. Tana kama aiki fankarta ta shiga gurnani, ana dab da gamawa ta ɗauke ɗif. Na kunna, ta sake. Na rage nauyin hoton, ta kuma. Wallahi har idona ya kawo ruwa, don Baba, bawan Allah, bai taɓa neman komai a wurina ba.

Yaya ya leƙo da makullin mota a hannu. "Auta, injiniyar gida, ko mu ce musu aljanu sun cinye?"

"Yaya, ka fita idona in rufe!"

Sai na ji ƙaurin roba. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin tebur, inda akwatin kwamfutar yake, rabona da duba shi an kwana biyu. Ai kuwa ga shi zaune cikin rigar karan-miski, da shafi, har da zif! Duk kafofin iska a toshe. Na taɓa, kamar dutsen guga.

"Mama! Wa ya yi wa kwamfutata ɗinki?"

"Ƙura nake kare miki," in ji ta daga bakin ƙofa. "Laifi ne?"

"Ta nan take numfashi, Mama. Kin shaƙe ta!"

Ta rafka salati. Na zuge zif, na jawo akwatin fili, na hure ƙurar fanka, na sake kunnawa. Mama kuwa ta cusa rigar a jaka, ta zauna dirshan da mafici tana yi masa fifita, tana ba shi haƙuri. Layin da ke nuna aikin ya yi ta ja, ya wuce inda ya saba tsayawa, ya cika taf. Na kwatsa ihun murna har Yaya ya yar da makulli.

A zauren makaranta fuskokin ɗalibai suka yi ta fitowa, wasu har da furfura, kowa na cewa "Malam, mun gode." Baba, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, ya shiga laluben aljihu, babu hankici. Mama ta buɗe jaka ta miƙa masa rigar kwamfuta, ya share fuska da ita.

Ta zungure ni. "Kin gani, Auta? Ɗinkina ba ya tashi a banza."