Lambar da Babu a Jikin Tef

Ranar Litinin Tsigi ta dawo daga makaranta da takarda a hannu, ko takalmi ba ta tsaya cirewa ba ta faɗo shagon ɗinkin mamanta, wanda ɗaki ɗaya ne da aka fasa wa ƙofa ta bakin titi. An zaɓe ta, ita da yara tara, su fara aljabara, wato lissafin haruffa, tun a aji biyu na ƙaramar sakandare, maimakon su jira sai sun shiga babba. Akwatuna biyu ne a ƙasan takardar, na amincewa da na a jira, kuma ranar Juma'a za a mayar.

Babanta, direban motar wani kamfani ne, da ya dawo da yamma ya karanta takardar har sau biyu, baki har kunne.

"Kawo biro, Maman Tsigi. Wannan ai ba abin tsayawa shawara ba ne. Injiniya a gidana!"

"Bari dai in karanta da kaina," in ji ta, ta ɗora gwangwanin allurai a kai don kada fanka ta ɗauke.

Ita ma ta ji daɗi. Yarinyar shekararta goma sha biyu, ƙarama ce kamar a saka a aljihu, shi ya sa ake ce mata Tsigi, amma kanta na ja. A kan teburin yanka ta tashi, a nan take aikin gida, tsakanin alli da almakashi. Tun tana aji uku na firamare uwar ta koya mata karanta tef ɗin awo: rabin inci, kwata, da ƙananan layukan nan guda takwas da ke cikin kowane inci. Sai dai mai ɗinkin ba ta taɓa sa almakashi a yadi ba sai ta auna sau biyu, don haka takardar ta kwana biyu a ƙarƙashin gwangwani.

Ranar Laraba bayan an tashi daga makaranta wata tsohuwar kwastomarta ta zo, ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata. Siket take so mai falle-falle. Mai ɗinkin ta zagaya mata tef a ƙugu.

"Talatin da bakwai."

"Ƙarya tef ɗin nan yake yi," in ji Nas. "Bara talatin da huɗu ne."

"Bara ai ba ki fara cin abincin majinyata ba. Tsigi, talatin da bakwai gida huɗu?"

"Tara da kwata," yarinyar ta amsa ba tare da ta ɗago daga littafinta ba.

"Gida takwas fa?"

"Huɗu da layi biyar."

Nas ta riƙe baki. "Wannan 'yar taki kwamfuta kika haɗiye da cikinta? To ni falle shida nake so, takwas yana ƙara mini faɗi."

"Kin ji, Tsigi. Gida shida."

Uwar tana riƙe da allurai a baki, ta waiwaya. Yarinyar ta ɗauko ɗayan tef ɗin daga ƙusa, ta ninka shi biyu a kan talatin da bakwai, ta sake ninkawa, ta warware, ta bi layukan da farce. Can ta ce, "Mama, wannan babu shi."

"Kamar yaya babu shi?"

"Shida ne da wani abu, amma abin ba ya jikin tef."

"Sa shida da layi ɗaya, ɗinki zai shanye sauran," in ji uwar, kamar yadda ta saba faɗa kullum. Maganar na fita daga bakinta ta ji wani abu ya tsaya mata a rai.

Da Nas ta tafi, ta ce a miƙo mata littafin lissafi. Ta zauna a kujerar keken ɗinki tana buɗewa a hankali. Maki masu kyau ne shafi bayan shafi. Jefi-jefi ne ake samun jan biro, kuma duk inda ta same shi abu guda ne. Inda amsa take ɗaya bisa uku, Tsigi ta rubuta uku bisa takwas. Inda take ɗaya bisa biyar, ta rubuta kwata. A gefe malamar lissafi ta sa, "Ki riƙa kula," ta ɗauka garaje ne irin na yara masu sauri.

"Zo nan. Da ɗaya bisa uku da uku bisa takwas, wanne ya fi?"

"Ai duk ɗaya ne."

"Wa ya ce miki?"

"Ke mana. Kin ce in abu bai faɗa kan layi ba, a matsa shi zuwa layin da ke kusa."

Mai ɗinkin ta rufe littafin. Ita ta faɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. A yadi gaskiya ce, babu macen da za ta dawo da siket don an ci mata rabin layi. Ashe yarinyar ta ɗauki maganar ta shiga da ita aji, har ta zauna mata a kai cewa lambobin duniya su ne waɗanda aka zana a tef, sauran kuwa kuskure ne da ake gyarawa.

Washegari da safe ta sami maigidan a ƙofar gida yana goge gilashin mota, ta nuna masa shafukan.

"Don wannan ɗan abin?" ya ce. "Guda nawa ta faɗi, biyar cikin ɗari? Ni da nake faɗuwa hamsin ga ni ina tuƙa manaja."

"Ba yawan ba ne, Baban Tsigi. Wuri ɗaya take faɗuwa kullum."

"Za ta gane a can. Yaro in ka jefa shi gaba, bi yake yi. Ke dai tsoro ne da ke, ko titi ba kya bari ta tsallaka ita kaɗai."

"Titin nan da kake gudu a kai? Ba zan bari ba kuwa."

Ya yi dariya, sannan ya matse tsumman ya dube ta sosai. "Ni abin da nake gudu, dama irin wannan ba ta zuwa sau biyu. Mu ba mu samu ba. Kada mu tare mata hanya da hannunmu."

Wannan maganar ta bi ta har cikin shago. Yini guda tana taka keke tana juya ta. Ita ma a aji huɗu na sakandare lissafi ya kuɓuce mata, kuma ta san ba ranar ya fara kuɓucewa ba, wani abu ne can baya da ta yi ta gyaɗa kai a kansa alhali ba ta gane ba. Amma kuma ta san 'yarta: in aka ce mata ba ta isa ba, sai ta naɗe kamar tabarma, ta yi wata guda ba ta ɗaga hannu a aji ba.

Ranar Juma'a ta rufe shago ta raka Tsigi makaranta. Suka sami malamar lissafi a ɗakin malamai, doguwar mace mai tabarau, tana shan shayi a tsaye gefen tulin littattafan da ba ta gama dubawa ba.

"Maman Tsigi, da kanki? Ai da kin ba ta ta kawo."

"Malama, alfarma nake nema. Ki ba ta tambaya ɗaya irin ta sabon ajin, amma wadda amsarta za ta faɗa gida uku."

Malamar ta ɗan yi mamaki, ta ajiye kofin. Ta jawo takarda ta rubuta, ta yi wa yarinyar bayani: ga wata lamba da ba a sani ba, an sa harafi a madadinta, in an ninka ta sau uku sai ta ba da ɗaya. Wace lamba ce? Tsigi ta gane tambayar nan take, idonta har ƙyalli yake. Ta rubuta uku bisa takwas.

"To ninka shi sau uku mu gani."

"Tara bisa takwas."

"Ɗaya ke nan?"

"Ya ɗan wuce da layi ɗaya," in ji Tsigi. "Ba komai ai."

Malamar ta cire tabarau ta zauna. Uwar ta ba ta labarin tef ɗin, ba ta rage komai ba. Malamar ta ɗauko takardar jarrabawar da aka yi zaɓen da ita, ta bi ta da yatsa, ta girgiza kai. Kusan duk tambayoyin rabi ne da kwata da takwas.

"In ta shiga," in ji uwar, "akwai wanda zai koma baya da ita ya gyara wannan?"

"Gaskiya babu. Ajin gudu yake yi, an ɗauka sun wuce nan. Yarinya ce mai kai, za ta iya haddace hanyoyin ta ci jarrabawa. Shekara ɗaya, wataƙila biyu."

"In ta jira fa?"

"Zango na biyu gaba ɗaya a kan wannan muke. Amma kada in ɓoye miki, wanda ya fara aljabara a babbar sakandare da wuya ya kai ajin lissafi na sama kafin ya gama. Wasu suna kamowa, da yawa ba sa kamowa. Kuma ba a sake zaɓe."

"Mama, don Allah," Tsigi ta ce ƙasa-ƙasa, ta kama gefen mayafinta. "Ƙawata ma an sa mata hannu. Zan koya, wallahi cikin sati ɗaya zan koya."

Uwar ta dubi ɗan hannun da ke riƙe da ita, da bakin farcen da alli ya ɓata. Ta karɓi biron malamar, ta yi alama a akwatin a jira, ta sa hannu da cikakken sunanta.

A baranda yarinyar ta fizge hannunta. Hawaye ya wanke mata fuska, amma ba ta ɗaga murya ba, saboda 'yan ajinsu na wucewa.

"Ke kika koya mini. Yanzu kuma kin ce ban iya ba."

"Ni na koya miki, laifina ne, ba naki ba," in ji uwar. Ta durƙusa daidai tsayinta. "Kuma ban ce ba ki iya ba. Tambayar nan kin gane ta kafin ni. Abu ɗaya ne na saka miki a karkace, ina so a cire shi tun bai yi nisa ba."

"Za su ce an fasa ɗaukata don ni daƙiƙiya ce."

"Wanda ya faɗa, ki ce mamarki ce ta hana, mai taurin kai ce. Babanki zai ba da shaida."

Tsigi ba ta yi dariya ba. Aka buga ƙararrawa. Ta goge fuska da bayan hannu, ta gyara jaka, ta shige tsohon ajinsu ko sallama ba ta yi mata ba. Uwar ta tsaya ta taga har sai da ta ga ta zauna ta ciro littafi.

A bakin ƙofar makarantar ta ciro waya ta kira maigidan. Bugu ɗaya ya ɗauka, tana jin ƙarar titi a bayansa.

"Yaya, an miƙa?"

"An miƙa," ta ce. "Ka samu wuri ka tsaya tukuna, maganar tana da ɗan tsawo."