Kwali Mai Tumbi

Wata uku na yi ina rubuta manhajar nan. Ka ba ta girman kowane kwali, ta gaya maka yadda za a jera su a mota ba a bar ko tafin hannu ba. Yayana, mai siton da muke aiki, ya daɗe yana kirana “Malamar kwamfuta” yana dariya. Amma ranar da manhajar ta ce kayan mota uku za su shiga biyu, sai ya sallami ta ukun. Bai taɓa ɗaukar maganata ba sai ranar. Kuma in kaya ba su tashi kafin sha biyu ba, mai saye ya fasa.

Shugaban masu lodi, wani dattijo da ake kira Dogo, ya duba takardar jerin da manhajar ta fitar.

“’Yata, wa ya auna kwalayen?”

“A rubuce yake a jikinsu, Baba.”

“To,” ya ce. Wannan “to” ɗin ya ba ni haushi ƙwarai.

Motar farko ta sabulu ce, ta cika cif, har na fara hura hanci. Ta biyu ta barguna ce. Takarda ta ce shida a layi. Biyar suka shiga, na shida ya ce allambaran. Aka tura, aka danna da gwiwa, har kwalin ya fara yagewa. Sai a lokacin na lura: kwalin da aka cusa wa bargo tumbi yake yi, yatsa biyu kowane gefe. Awon da na ɗauka na kwalin da babu komai a ciki ne.

Na ji kamar in rotsa kwamfutar da ƙasa. Laifina ne, kuma shi ya fi ƙona mini rai.

Yaya kuwa agogo kawai yake kallo. Dogo ya ninke takardata ya sa a aljihu, ya sa aka sauke komai, ya shiga jerawa da ido: wannan a tsaye, wancan a kwance. Sha biyu saura kwata aka rufe ƙofa da ƙyar. Kwali ɗaya ya rage a ƙasa.

“Manhajarki ta ce zai shiga,” in ji Yaya. “Sai ki nema masa wuri.”

Na hau gaba kusa da direba, aka ɗora mini shi a cinya. Tafiyar awa huɗu ce, ko hanya ba na gani. Mota na shirin tashi Dogo ya miƙo mini tef ɗin awo ta taga.

“Ga shi nan a hannunki, ’yata. Ki auna kwalin ta tsakiya.”

Ban gode masa ba. Amma kafin mu kai bakin titi na auna.