Kwamitin Tace Dariya

"Ban yarda ba. Goge wannan layin."

"Haba Maman yara, in na goge wannan me ya rage? Sallama da sai an jima?"

Mijinta, mai gyaran fanka, yana tsaye a tsakiyar falo cikin kwat ɗin aro, ya riƙe ludayi a madadin makirfo. Ƙarfe biyu ta wuce, ƙarfe huɗu kuma za a kira shi kan dandamali a babban ɗakin taro. Shekara uku bawan Allah yana barkwanci a lunguna, gaban mutum goma da kujeru talatin. Yau ne kaɗai aka buga hotonsa a takardar talla, aka ba shi minti goma cur. In ya yi kyau, an ce za a riƙa kiransa duk wata. In bai yi ba, fanka dai ba ta daina lalacewa.

Matsalar ita ce duk labaransa na cikin gidansa ne. Watan jiya matarsa ta je sayen sabulu, mai shago ya ƙare mata kallo ya ce, "Hajiya, ke ce wadda ta soya ƙwai da man gashi?" Har wanda ke bayan layi sai da ya riƙe ciki. Ta dawo ba sabulu, ta kafa doka: babu labarin da zai ƙara fita gidan nan sai ya bi ta gaban kwamiti.

Ga kwamitin nan jere a doguwar kujera, kowa da murfin tukunya da cokali: ita kanta, da Kaka mahaifiyarsa, da babbar 'yarsu, da Auta mai shekara shida. Wanda ya ji abin da bai yi masa ba ya buga murfi, a goge.

Ya gyara murya. "Jama'a, kun san matata..."

Ƙwal.

"Ka ce wata mata."

"Jama'a, akwai wata mata..."

Ƙwal. Wannan karon Kaka ce. "Wace mata? Ga matarka zaune, kana zancen wata a bainar jama'a? Ba haka na raine ka ba."

Aka daidaita a kan "wani mutum". Labarin ranar duba sakamakon jarrabawa, babbar 'ya ta kashe shi tun bai kai bakin ƙofar makaranta ba. Na wankin da ya koma ruwan hoda duka, har da wandon zuwa aiki, Maman yara ta ce sirrin gida ne. Auta kuwa bugu yake don ƙarar tana yi masa daɗi, amma doka doka ce, duk inda cokalinsa ya sauka sai layi ya tafi.

"Ni ina nake a ciki?" in ji Kaka.

"Inna, ke kika ce kar a ambace ki."

"Haƙorana na ce kar a ambata. Ka ce ina nan, kuma ka ce baƙi suna ɗauka ni yayarka ce."

Ƙarfe uku da kwata ya duba takardarsa. Shafi huɗu ne da safe. Yanzu abin da ya tsira shi ne: "Wani mutum ya je wani wuri. Kaka tana nan lafiya." Ya karanta a hankali, ya ja kowace kalma, bai cika daƙiƙa goma ba. Gumi ya jiƙa kwat ɗin mutane.

"Ku ji tausayina, ku bar mini guda ɗaya," ya ce. "Na ranar da mamanku ta je ɗauko Auta a makaranta ta dawo da ɗan wasu."

Murfin Maman yara bai yi ƙara ba. Ajiye shi ta yi, ta miƙe tsaye.

"Ni na ɗauko?"

"Ai a dandamali ya fi daɗi in mace ce..."

"Zauna." Ta karɓe ludayin. "Kai ka je. Ka ga yaro da jaka shuɗiya, ka ɗora shi a babur ba ka dubi fuskarsa ba. Yaron mutane mai tarbiyya, ya ga babba, bai yi musu ba. Na dawo daga aiki na tarar ka yi masa wanka, ka yi masa aski, kana zaune kana hawaye. Na ce lafiya? Ka ce, 'Maman yara, addu'armu ta karɓu. Ya ce mini na gode. Ya wanke kwanonsa.' Na ce Baban yara, wannan yaron yana da tabarau. Ka ce ai karatu ne ya kama shi."

Kaka ta fara girgiza, ta dafe baki da hannu saboda abin da ta hana a ambata.

"Can la'asar ga iyayen yaro da namu Autan, ashe shi aka kai musu gida, sun riƙo shi ta hannu biyu kamar an kama ɓarawon kaji. Ya kwance musu famfo, ya sa kyanwarsu a firji. Uban yana rawar murya yana cewa ga amanarku. Shi kuma wannan," ta nuna shi da ludayi, "ya ja mutumin gefe, wai ko za a bar abin haka zuwa ƙarshen zango, a ga yadda zai kasance."

Babbar 'ya ta zame daga kujera. Auta yana ta tsalle yana cewa shi ne, shi ne. Ta bayan bango aka ji maƙwabci yana tari irin na wanda dariya ta shaƙe. Murfi huɗu, babu wanda ya motsa.

Mai gyaran fanka ya ga haske. "Shi ke nan, kwamiti ya amince. Haka zan faɗa, kalma da kalma."

Ya karɓi ludayi ya soma. Bai kai wurin tabarau ba ya riga kowa dariya, ya manta askin, ya koma baya ya ɗauko shi. Falo ya yi tsit. Kaka ta tambayi ko an kashe wutar shayi.

A ƙasan bene mota ta yi oda, masu taron ne suka aiko a ɗauke shi. Maman yara ta dube shi, ta dubi agogo, ta ɗauki jakarta da mayafinta.

"Ina za ki?"

"Minti goma ka ce ko? Ina da na awa biyu. Ban ma taɓo ranar da ka gyara fankar ɗakinmu ta koma hura zafi ba."

"Hotona ne a takardar."

"Ya yi daidai, za su san wanda ake nufi."

Ya wawuri murfinta da cokali, ya buga, ya sake bugawa, har cokalin ya lanƙwashe.

"Baba," in ji babbar 'ya daga inda ta zame, tana share hawaye, "ai ba ka cikin kwamiti."

Kaka ta riga ta sa takalmi tana sauka daga bene, wai a ajiye mata kujerar gaba. Maman yara ta bi bayanta, ta ja ƙofa ta buga garam.