Ƙanƙarar Basiratu

Shekara arba'in da aure, Basiratu ba ta taɓa aiken Kailu kasuwa don kwaɗayin bakinta ba. Sai da ciwo ya kwantar da ita a tsakiyar bazara, ko fura ba ta wucewa, sannan ta ce, "Malam, ruwan ƙanƙara nika so."

To, Kailu fa bai tsaya neman wanda zai aika ba. Ya ɗaure wa jaki sirdi, sai kasuwar Filinge.

Ummul mai sayar da ƙanƙara a bakin kasuwa ta ciro masa ƙulli biyu a leda masu tauri kamar dutse, ta nannaɗe su a tsumman bargo.

"Ke ɗiyan nan, bargo cikin wanga zahi?"

"Baba, bargo ba shi da wuta. Hanya kawai shika tarewa. Kar ka buɗe sai gida."

Ya ce to. Amma Kailu mutum ne da "to" ɗinsa ba ta wuce leɓe. Yana fita gari abin ya dinga cin ransa: shi da ya san gumin da bargo ke sa mutum, yarinyar jiya za ta koya masa? Haba! Ya warware tsumman, ya sa ƙanƙarar a kwanon ƙarfe, ya ɗora bisa cinya don ta sha iska.

Wace iska? Irin wadda ke busar da ido ce. Rana ta doki kwanon daga sama, ƙarfen ya ɗauka har yana ƙona masa cinya ta cikin wando, ledojin suka fara laushi. Ya kare da hula, ya kare da hannun riga, ya tsawata wa jaki. Da ya ga saura kamar ƙwan zabo biyu sai ya tuna da bargon, amma ya baro shi can rataye a kan wata ƙaya. Tsoro ya kama shi, ga kunya.

Ya isa gida bayan azahar. Ya juye ledojin a moɗa, ya tsoma yatsa: ɗumi, kamar ruwan alwala da ya wuni a buta.

Ya tallafo kan Basiratu. Ta kurɓa sau biyu, ta lumshe ido.

"Kai, Malam, sanyi har haƙorana. Allah shi biya ka."

Kailu ya kasa cewa amin.