Jinin Shamshad Bibi

Kwana tara Shamshad Bibi ta yi ba ta sa gurasa a baki ba. Shayi ba suga, shinkafa ko ƙwaya, da asuba kuma kofi guda na ruwan karela, wani kayan lambu mai ɗacin tsiya. Maƙwabciyarta Kausar ce ta ba ta dabarar, irin matan nan da ba su taɓa taka makarantar likita ba amma babu cutar da ta gagare su.

Dalili ɗaya ne. Ɗanta Tanwir, tela a kasuwar Multan, shekara guda ke nan ana yi masa wankin ƙoda. Jininsu ya zo ɗaya, ita za ta ba shi tata. Abin da ya rage a tabbatar ba ta da ciwon suga.

An ɗebi jininta da safe kafin ta karya, aka ba ta ruwan zaƙi ta shanye, bayan awa biyu aka sake ɗiba. Ran Laraba ta zauna gaban likita, wata yarinya mai tabarau da a haife ta haife ta.

"Na safen nan ɗari da tara ne, Mama," in ji likita. "Daga ɗari zuwa ɗari da ashirin da biyar, mutum yana bakin ƙofa, bai shiga ba."

"To alhamdu lillahi. Yaushe za a yi aikin?"

"Tsaya tukuna. Na bayan ruwan zaƙi ɗari biyu da talatin, iyaka kuwa ɗari biyu. Ga kuma na uku, mai duba wata uku baya. Shida da rabi ake cewa ciwo, naki bakwai da ɗigo biyu."

"Wata uku? Ni fa kwana tara ban ci komai ba, 'yar nan."

"Na ga alama. Shi wannan ba ruwansa da kwana tara. Me kike ci da bazara?"

Me take ci? Mijinta mai gadin gonar mangwaro ne. Masu kyau a kwali suke tafiya ƙasashen waje, waɗanda suka faɗo suka fashe su ne rabon gida, ita kuma ba ta iya ganin abinci ya lalace. Da su take cin gurasa safe da rana, kamar yadda uwarta ta yi.

"Ki rubuta na safen kawai. Ai shi ma jinina ne, ba na aro ba."

"Biyu sun faɗi magana ɗaya, Mama. In na cire miki ƙoda, nan da 'yan shekaru ke ma kina kan injin wankin ƙoda."

"Ina ruwanki? Na ci zamanina. Shi 'ya'yansa uku."

Likita ta jawo kati ta rubuta sunan Shamshad, ta ce ta riƙa zuwa ɓangaren masu suga duk Talata.

Shamshad ta sami Tanwir a kwance a ɗakin wankin ƙoda, robobi biyu a hannu, jini na zagayawa. Ya ga kati a hannunta, fuskarsa ta washe.

"Ammi, sun sa rana?"

"Sun sa," ta ce. "Talata."

Ta zauna a bakin gadon tana gyara masa bargo, ta rasa ta inda za ta fara faɗa masa ranar tata ce, ba tasa ba.